Numfashi Biyu a Rijiyar Baba

Shekara bakwai Auta ya yi a ramukan haƙar ma'adinai. Da ya dawo, ya tarar an sare bishiyar ƙofar gida, shagon tela ya koma na cajin waya, Yaya ya ajiye tumbi, Inna kuma ta fara ɗingishi saboda ɗauko jarka daga famfon bakin titi. Rijiyar tsakar gida ce kaɗai ke nan yadda ya bar ta, rufe da kwano da duwatsu tun ranar da aka ciro gawar Baba daga ciki. Har yau maƙwabta na cewa aljanun rijiyar ya saɓa wa.

"Ba wanda ya saɓa wa," in ji Auta. "Iska ce mai nauyi, kabon dayoksaid. Kwanciya take a gindin rami, ta kore oksijin ɗin da muke shaƙa. Ita ce ke kumfa a lemon kwalba, da ita ake kashe gobara. Ga ruwa a gida, Inna ta gama ɗaukar jarka."

"Ka ji malamin iska," Yaya ya ce. "Shekara bakwai, tsarabar ke nan?"

Gab da magariba Auta ya ɗage kwanon. Warin laka da ruɓaɓɓen ganye ya taso. Ya kunna kyandir a gwangwani, ya zura da igiya.

"Duba nan. In wutar ta ƙanƙance ta mutu, iskar ce."

Gaba biyar. Gaba shida. Wutar na tsaye kyam. Sai ta kwanta gefe guda, fuf, ta mutu.

"To, ka yi gaskiya," in ji Yaya.

Auta ya jawo gwangwanin. Ya ga mutuwar kyandir a rami ta fi sau ɗari, kullum a hankali take zuwa. Wannan hure shi aka yi.

Ya shiga ɗaki ya ɗauko 'yar tukunyar oksijin da ya zo da ita, ya goya, ya ɗaure robar shaƙarta a fuska. Bakin tiyo zai kai gindin rijiyar, don a hura iska mai kyau da safe.

"Bari gari ya waye mana," Inna ta ce ƙasa-ƙasa.

"Rijiyar ubana ce, Inna. Ba na neman izinin kowa."

Yaya ya riƙe igiyar da Auta ya ɗaura a ƙugu. Auta ya sauka yana lalubar matakan da Baba ya sassaƙa a bango. Sanyi ya kama shi daga ƙafa. Ruwa na ɗiga, ɗil, ɗil. Bakin rijiyar ya koma kamar faifai. Ba abin da yake ji sai numfashinsa a cikin roba.

Sai ya ji wani na bin nasa a baya.

Ya ɗauke numfashi. Tukunyar ta ci gaba da huci.

Ya haska allurar ma'aunin tukunyar da tocila. Iskar rabin awa ce, ko minti biyar bai yi ba, saura kwata. Allurar na gangarowa a kan idonsa.

Wani abu mai sanyi ya manne a kumatunsa, yana lalubar gefen robar, kamar jariri na neman nono. Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika masa hanci.

"Auta," aka raɗa, da muryar Baba. "Ƙara buɗewa."

Auta ya dafa bango.

"Ƙara mini, ɗana."

"Ubana bai taɓa roƙon kowa ba," ya ce cikin robar. "Kai ne ka shanye masa numfashi."

Abin ya bi bututun robar yana zuƙa, har tukunyar ta yi rawa a bayansa. Auta ya miƙa hannu ya murɗe bakinta gam.

"Mu rasa tare."

Hucin ya tsaya.

Ya fizgi igiya sau uku. Ƙirjinsa na ci da wuta. Goyon da ke bayansa ya yi nauyi, yana jan sa ƙasa. Mataki. Wani matakin. Idonsa ya rufe.

Ya farfaɗo a kan siminti, Inna na yayyafa masa ruwa. Tafin hannun Yaya duk ya saluɓe.

"Wallahi mutum biyu na jawo," in ji Yaya, yana haki.

"Iska ce," Auta ya ce, ya juya kai.

Kwana uku suna hura rijiyar da fanka. A na huɗu kyandir ya kai har kan ruwa yana ci. Inna ta ja guga, ta sha, ta mayar da jarkar mazubin gawayi.

Tukunyar ce ba ta koma daidai ba. Ranar da ya fito, allurarta na kwance. Yanzu ta miƙe, ta nuna cike. Ƙarfen na zufar sanyi da tsakar rana, kuma in ka kara kunne, akwai mai numfashi a ciki.

Da safe Auta ya naɗe bakinta da waya ninki uku, ya tura ta ƙasan jaka, ya danne da takalman aiki.

"Tun yanzu za ka koma?" in ji Inna daga bakin ƙofa. "Bar wannan ƙarfen mana, kaya ne kawai."

"Tawa ce, Inna."

Da ta juya, ya sunkuya kan jakar.

"Ka sha iskata, gidan nan kuma ka bar shi ke nan," ya raɗa. "Inda za mu akwai ramin da ba a taɓa ganin gindinsa ba."

Ya ja zif, ya saɓa jakar a kafaɗa.