Ɗakin Da Ya Yi Girma A Hoto

Ranar da Auta ta fara ganinsa, a saman kabad ɗin kaya ta same shi.

Ta turo ƙofar ɗakin ƙarshe da tawul a hannu, sai ga ƙafafun mutum suna reto a saitin fuskarta. Ta saki ƙara, tawul ya yi nasa wuri.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," in ji mai ƙafafun, yana leƙowa ta bayan kyamara. "Ni ne mai hoton da kika kira. Ɗan matsa kaɗan, kin shigo mini cikin aiki."

"Hoton ɗaki na ce a ɗauka, ban ce a hau mana kaya ba."

"Na ɗauka daga nan sama ɗakin ya fi kyau. Da kika shigo sai na ga ashe kyan yana bakin ƙofa."

Ta watsa masa harara ta fice. Sai da ta kai teburin karɓar baƙi ta lura murmushi take yi, ta yi maza ta gimtse kafin Baba ya gani.

Masaukin na Baba ne, 'yan ɗakuna kewaye da tsakar gida, da bishiya guda a tsakiya. A da direbobin tasha ke kawo masa baƙi, wanda ya kwana kuma ya je ya gaya wa ɗan'uwansa. Yanzu jirgi ya yi araha, masu yawon buɗe ido sun cika gari, amma kowa tun daga gidansa yake kama ɗaki ta waya. Sai su wuce ta ƙofar Baba suna jan akwati, ido a kan waya, ko sallama babu. Auta ce ta yi ta naci har ya yarda a sa masaukin a manhajar kama ɗaki.

Aikin na yini guda ne, amma washegari Mai Hoto ya dawo, wai hasken jiya bai yi ba. Ya sake dawowa, wai ya manta murfin kyamara.

Umma ta ce, "Yaron nan akwai mantuwa. Allah dai Ya sa kada wata rana ya manta kansa a gidan nan."

Da yamma saƙonsa ya shigo wayar Auta: "A manhajar nan taurari biyar ne iyakar abin da ake ba masauki. Na nemi wurin danna ta shida saboda mai tsaron tebur, ban samu ba. Daga yau ke ce Tauraruwa ta Shida."

Ta amsa masa: "Ka dai iya baki. Turo hotunan, Baba na jira." Amma saƙon nan sai da ta haddace shi.

Hotuna suka iso, ɗakin ƙarshe ya fito kamar falon gidan mai hali. Kafin ka ce me, waya ta fara ƙara, baƙi suka fara sallama. Baba ya yi ta sa wa yaron albarka, har ya daina ɗaure fuska in ya gan shi jingine da teburin Auta.

Ana cikin wannan daɗi wata baƙuwa ta sauka, da yara biyu da manyan akwatuna. Baba da kansa ya buɗe mata ɗakin ƙarshe. Ta dubi ɗakin, ta dubi wayarta, ta dubi Baba.

"Baba, ina sauran ɗakin?"

"Wane saura, 'yata?"

"A nan na ga wurin da zan shimfiɗa wa yara. Wannan kuwa ko akwati bai da wurin tsayawa."

Baba ya sa tabarau, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Sai ya kwashe kayan falonsa, ya bar mata falon ita da yaranta. Da ta tafi ta bar tauraruwa ɗaya da sharhi: "Mai gidan mutumin kirki ne, amma hotonsa ƙarya ne."

Auta ce ta karanta masa.

"Tun ina saurayi nake karɓar baƙi," in ji Baba, "ba wanda ya taɓa haɗa ni da kalmar nan. Kira mini shi."

Mai Hoto ya zo ya durƙusa. "Baba, gilashin kyamarar ne, yana faɗaɗa wuri. Yanzu kowa haka yake yi."

"Kowa ko? To, wanda zai faɗaɗa ɗaki don ya samu baƙo, zai faɗaɗa kansa don ya samu mata. Na san abin da ke kawo ka gidan nan. Kada ka sake zuwa neman 'yata."

Auta ta shige ɗakin ajiyar zannuwan gado ta sha kukanta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san Baba ya yi gaskiya, kuma hakan bai rage mata son yaron ko kaɗan ba.

Ba a jima ba Manaja ya fara sintiri yana neman auren Auta. Ɗan aminin Baba ne, shi ke kula da babban otal ɗin nan na kusa da filin jirgi. Turarensa kan riga shi shigowa, kuma ba ya gama zance bai ce "otal ɗinmu" ba. Ya yi wa Baba alkawarin turo masa duk baƙin da suka rasa ɗaki a can. Auta ta ga Baba ya fara gyaɗa kai, ta gane inda aka dosa.

Sannan wata safiya ta buɗe manhaja ta tarar hotunan nan duk sun ɓace. Waya ta yi tsit. Ranta ya ɓaci, ta rubuta masa: "Ashe haka kake? An yi maka faɗa sai ka kwashe kayanka ka bar mu? Na gode."

Can da hantsi wayar tebur ta yi ƙara, an kama ɗakin ƙarshe. Tana ɗaga kai sai ga shi a ƙofa da 'yar jaka a kafaɗa.

Baba ya miƙe tsaye. "Me na gaya maka?"

"Ka ce kada in zo neman 'yarka, Baba, ban kuwa zo ba. Baƙo ne ni, ɗaki na kama."

Baba ya ƙare masa kallo. Mutumin da bai taɓa korar baƙo ba, yau ta ina zai fara? Ya zaro makulli ya dangwarar a kan tebur. Umma ta juya baya, tana danne dariya.

Kwanakin da ya yi, tsakaninsa da Auta sai "ina kwana" da "ga tawul." Ta cika ta yi fam. Amma ta lura ya daina hawa kabad, ya daina rakuɓewa a lungu. A tsaye yake ɗaukar hoto, daidai inda idon mai shigowa zai gani.

Ranar da zai bar ɗakin, ya sami Baba a gindin bishiya ya buɗe masa sababbin hotuna a kwamfuta. Auta ta zo da shayi, ta ƙi tafiya.

Ga ɗakin ƙarshe, ga Mai Hoto a tsakiya ya ware hannuwa, yatsunsa na shirin taɓa bango biyu. Ga fararen zannuwan Umma a kan igiya. Ga Baba ya saɓa jakar wani tsohon matafiyi, suna dariya su biyu.

Mai Hoto ya ce, "Ni na cire na farkon, don ba zan bar abin da ya ɓata maka suna ba. Waɗannan kai za ka zaɓa, kai kuma za ka faɗi abin da za a rubuta."

Baba ya gyara tabarau. "Rubuta: ɗakin ƙarami ne. Zanin gado wankakke ne."

"Ƙara da cewa mai gidan akwai surutu," Umma ta faɗa daga wurin shanya.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya dubi yaron. "To, saura kai. Faɗa mini kanka, ban da gilashin nan."

Mai Hoto ya sunkuyar da kai. "Ɗaki ɗaya nake haya, bai kai na ƙarshen nan ba. Babur ɗina sai an tura yake tashi. Aiki yau akwai, gobe babu. Na faɗaɗa ɗakinka ne don in burge ta, na yi kuskure. Son da nake mata ne kawai ban ƙara masa komai ba, Baba, haka yake da girmansa."

Auta ta ajiye kofin shayi. Baba ya juyo gare ta. "Ke fa? Manaja na jiran amsa."

"Baba, Manaja bai taɓa tambayata ko ya nake ba, kullum labarin otal ne. Ni wannan nake so, da babur ɗinsa."

Washegari Baba ya sa hula ya fita ba tare da ya gaya wa kowa inda za shi ba. Auta ta yini tana leƙen ƙofa, ta ba baƙo ɗaya makullin wani. Da ya dawo ya zauna ya nemi ruwa, ya sha a hankali kamar ba jiransa ake ba.

"Na je na ga ɗakin nasa. Yadda ya faɗa haka yake." Ya ajiye kofi. "Har ma ya rage. Akwai taga mai kyau, bai ambata ba. A ce masa ya turo manyansa."

Auta ta faɗa jikin Umma tana kuka tana dariya. Kafin ta gama share hawaye saƙo ya shigo: "Tauraruwa ta Shida, surukina ya zo duba masauki. Taurari nawa ya ba ni?"

"Bai faɗa ba, Mai Hotona. Amma ya ba ka ni."

Baƙi suka dawo, kuma yanzu ba wanda ke tambayar ina sauran ɗakin. Wasu ma saboda mai gida mai surutu suke zuwa.

Ranar aure tsakar gidan ta cika maƙil, dangi da maƙwabta da tsofaffin direbobin tasha da baƙin da suka tarar da shagali suka zauna. Ango ya kafa kyamara don hoton taro, ya leƙa, ya ja da baya har ya bugi bango.

"Baba, mutanen sun yi yawa, ba za su shiga duka ba."

Baba ya dubi gidansa daga wannan kusurwa zuwa waccan, idonsa ya ciko.

"Ɗauko gilashin nan naka, ɗana. Yau ba ƙarya, gidan ya yi girma da gaske."

Ango ya sa wa kyamara gilashin, ya rugo ya tsaya kusa da Auta. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka. Ya sa ƙaramin ɗakinku ya ishe ku, ya ishi baƙinku."

Gida ya amsa da amin, kyamara ta haska.