Jan Murfi da Kore

Ranar da Asta ta fara shigowa ɗakin gwaji, murfin kwalba ya kuɓuce wa Bamanga, ma'aikacin wurin, ya gangara har gaban takalminta.

"Malam, haka kake tarbar baƙi?" ta ce tana dariya.

A kan ƙwayar HIV take binciken digirinta na biyu. Ta yi masa bayani: ƙwayar tana da wani sinadari mai kwafar RNA ɗinta zuwa DNA. Ita kuma tana manna wa RNA ɗin ƙananan alamomi, ta ga ko mai kwafar zai yi tuntuɓe. Kwalba mai alama jan murfi, marar alama kore. Bamanga ke rufewa.

Kafin shekara soyayya ta yi ƙarfi. Mahaifinta ya ce babu aure sai ta kammala. Sakamako ya nuna alamomin ba sa hana mai kwafar komai. Ta rubuta hakan, saura wata guda ta miƙa kundin binciken.

A kasuwa wajen sayen lefe Bamanga ya ɗaga atamfa. "Adda Joda, wannan jar za ta yi mata kyau."

"Wace jar? Koriya ce shar!" in ji yayar tasa.

Ta gwada shi da zannuwa uku, ya faɗi biyu.

A cikin keke Napep har gida Tumfure kwalaben Asta yake tunawa. Ashe ya daɗe yana cakuɗa murafen. In ya yi shiru, aure wata mai zuwa. In ya faɗa, aikinta na shekara ya rushe. To amma wa zai iya zama da matar da ya bari ta sa hannu a kan kuskurensa?

Ya rubuta wa Asta saƙo: "Hasken idona, ashe ba na bambanta ja da kore. Sakamakonki ba abin dogaro ba ne. Ki yafe mini."

Kwana biyu yana ta duba wayarsa.

Sannan saƙo ya shigo: "Na gama kukana. Baba ya ce ya ba ka ni, tunda da bakinka ka jinkirta aurenka. Ka zo gobe da alƙalami, Malam Kore."

Wata bakwai suna maimaitawa, kowace kwalba da rubutunta. A wannan karon mai kwafar ya riƙa tuntuɓe a kan alamomin.

Aka ɗaura aure a Dawaki, dattawa suka sa albarka. Da ango ya cire hularsa, sai ya ga 'yar takarda a ciki da rubutun amarya: "Wannan ja ce, angona."