Kujerar Gaba

"Dubi idonka," in ji Babba. "Kamar an zuba masa barkono. Wai aikin nan da muka tura ka leƙen asiri, ka ɗauke shi da gaske ne?"

Shiru bai amsa ba. Dama rashin maganarsa ne ya jawo masa sunan. Su uku ne zaune a wani tsohon wurin buga bulo da aka yi watsi da shi a bayan gari, ranar hutun aikin Shiru ce, rana ta karkata, inuwar bangon ta rufe su. Babba yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe shi tun rasuwar iyayensu, shi ya koya masa tuƙi, shi kuma ya mai da shi direban ƙungiyarsu ta 'yan fashi. Na ukun Tsatsa ne, wanda ke goge bindiga da tsumma yana murmushin da ba ya kaiwa ido.

"Ƙyale shi, oga," in ji Tsatsa. "Ma'aikaci ne yanzu. Ya fita kafin zakara, ya dawo bayan kaji sun kwanta, a ba shi abin da ba zai ishe ni sayen taba ba. Kai Shiru, rabin ranka a mota, rabi a gaban wutar walda. Wanne ne naka?"

Tambayar ta soke shi, domin ita yake yi wa kansa kullum da asuba, lokacin da yake lalubar takalmi jikinsa na ciwo. Masana'antar ƙera kujeru ce a wani gari mai nisa. Haya a can ta fi ƙarfin ma'aikata, don haka wata tsohuwar bas ke kwasar su tun duhu, ta ratsa doguwar gada da wurin fasa dutse da daji, ta dawo da su bayan magariba. Babba ne ya cusa shi ciki don ya gano ranar biyan albashi da kuma inda motar ke tsayawa. Ya gano. Abin da Babba bai sani ba shi ne, shugaban ma'aikata ya kira Shiru ya ce hannunsa na da kyau a walda, in yana so za a tabbatar da shi dindindin. Amsa ake jira.

Babba ya sa shi ya sake maimaita abin da ya sani. Shiru ya ce Baba Direba, mai jan bas ɗin, ba ya tsayawa a dajin, ko gawa ya gani a titi, tun da aka taɓa tare shi shekarun baya. Mutum ɗaya yake saurara: wanda ke kujerar gaba. Ƙa'idar motar ce, kullum akwai mai zama gaba ya riƙe fulas ɗin shayi, ya ja direba da hira kada barci ya sace shi, sauran su kwanta su bar masa rayukansu. Ana zagaya kujerar tsakanin tsoffin hannu kawai. Shiru ya samu shiga ne ran da kunnensa na mai walda ya jiyo wani ƙarfe yana kuka a ƙarƙashin mota, aka tsaya a gidan mai aka tarar saura ƙiris taya ta fice.

"To ka gani," Babba ya dafa kafaɗarsa. "Ranar albashi kai ne a gaba. In ka ga jan ƙyalle a jikin bishiya, kwanar wurin fasa dutse, ka ce masa ƙarfe na kuka. Zai tsaya. Mu kwashe, mu hau babur. Ba jini. Daga ranar ka huta da wannan wahalar, ka yi barci har rana ta dake ka."

"In kuma ya manta baki, ƙarfena ba ya mantuwa," in ji Tsatsa, ya hura bakin bindigar.

Ranar ta zo da hadari. Tun la'asar sama ta yi baƙi ƙirin, ba ruwa ba iska, sai wani nauyi da ya danne ƙirji. Ma'aikata suka fito aljihu da ɗumi, suna tsokanar juna. Mai fenti ya ce yau matarsa za ta kira shi "maigida" da cikakken baki, gobe ya koma "kai wane". Motar ta ɗauki dariya.

A bakin ƙofar motar Shiru ya ci karo da Mai ɗinki. Shi ke haɗa ƙashin kujera, ita ke sa mata sutura, haka ta taɓa faɗa masa, ya kwana yana juya maganar. Wurinta na bayan kujerar gaba ne, jikin taga. Wata safiya mai sanyi ya ga kanta yana bugun gilashi tana barci, ya naɗe rigarsa ya cusa tsakani. Ta wanke ta, ta gyara masa aljihun da ya yage, ta dawo masa da ita. Tun ranar hanya ta rage masa tsawo.

Ta miƙa masa fulas ɗin, ta tambaye shi ko ya ba shugaban ma'aikata amsa. Ya ce hanyar ce ke ba shi tsoro.

"Kowa ta ba shi tsoro," ta ce. "Ni da na fara, kuka nake yi a ɓoye. Amma ka duba, Mai walda, wa ke iya barci a gaban mutanen da bai yarda da su ba? Mu nan kullum muna yi." Ta ɗan sunkuyar da kai. "Yau dai ka tsare mu da kyau. Na gaji."

Ya karɓi fulas ɗin ya hau kujerar gaba.

Mota ta kama hanya. Gidaje suka ƙare, gidan mai na ƙarshe ya wuce, daji ya haɗe ta gefe biyu. Surutu ya yi ƙasa, ya koma minshari. Baba Direba, dattijo mai furfura a gemu, ya karɓi shayi da hannu ɗaya ya ce wannan wane irin ɗan hira ne aka ba shi, gara a ɗaura masa akuya a kujerar, ko ba komai za ta yi kuka. Sai ya shiga ba da labari da kansa: jikarsa ta fara tafiya, 'yan sandan gada sun saba da motarsa har in ya makara Sufeto kan kira shi ya tambayi ina shayinsu. Shiru yana gyaɗa kai.

Ya waiwaya sau ɗaya. Bakuna a buɗe, kawuna a jingine da kafaɗun juna, Mai fenti ya rungume aljihunsa kamar jariri. Mai ɗinki ta lumshe ido. Duk sun kwanta, saboda shi ne a gaba.

Ƙurar wurin fasa dutse ta bayyana. Sai kwana. Sai bishiya. Jan ƙyallen yana rataye, ba ya ko motsi.

Kalma uku ce, ƙarfe na kuka, gobe ya yi barci har hantsi. Ya tuna hannun Babba a kafaɗarsa. Ya tuna zaren da aka ɗinke masa aljihu da shi.

"Baba," ya ce da murya ƙasa ƙasa, "taka mota. Ko me ka gani kar ka tsaya."

Dattijon ya kalle shi kallo guda. Bai tambayi dalili ba. Ya taka.

Tsohuwar bas ta yi gurnani ta shiga kwana. Daga cikin ciyawa wani abu ya sulalo kan titi, katako ne mai ƙusoshi. Tsatsa bai taɓa yarda da shi ba! Taya ta fashe, motar ta yi tangaɗi. Tau! Gilashin gaba ya tarwatse. Baba Direba ya saki sitiyari ya dafe kafaɗa, jini na bin yatsunsa. Ihu ya cika mota, salati da kukan mata.

"Ku kwanta ƙasa!" in ji Shiru da ƙarfi.

Ya riga ya tsallake zuwa kujerar direba. Ya ture dattijon gefe, ya cafki sitiyari da hannun da ya saba gudu da ɓarayi. Motar ta nufi rami, ya murɗo ta. Ta nufi dutse, ya sake murɗowa. Ta madubi ya hango mutum biyu a bakin titi suna kokawa da bindiga ɗaya, babban ya danne bakinta ƙasa. Ya ji wata ƙara, guda ɗaya, ba motar aka nufa da ita ba. Kwana ta rufe su.

Ya ci gaba a kan ƙarfen taya, wuta na tartsatsi a kwalta. Mai ɗinki ta cire mayafinta ta danne raunin dattijon, tana kiran "Baba, Baba, dube ni." Dattijon, haƙora a cije, ya ce kada a bar yaron nan ya lalata masa giya.

Kafin su kai gada motar 'yan sanda ta taho da gudu. Sufeto ya ga lokaci ya wuce, sannan ya ji harbi. Suka wuce su kamar iska, jiniya na kuka.

A gada aka sauke mutane. Wata mota ta ɗauki Baba Direba zuwa asibiti, yana numfashi, yana ma faɗa. Ruwan da ya ƙi zuwa tun la'asar ya fara ɗiga. Ma'aikata suka kewaye Shiru, wannan ya rungume shi, wancan ya ce namiji. Mai fenti yana kuka yana cusa masa kuɗi a hannu, shi kuwa ya kasa rufe yatsunsa. Mai ɗinki ce kaɗai ba ta matso ba. Tana tsaye jikin ƙarfen gada, hannuwanta jajir da jinin dattijon.

"Ban yi barci ba," ta ce a hankali, da ya zo kusa. "Ka ce ya taka tun ba a ga komai a titi ba."

Ya kau da kai. A bayan gadar akwai gangare mai duhun bishiyoyi. Ya san yadda ake ɓacewa a irin wurin, sana'arsa ce. Taku kaɗan ne.

Sai motar 'yan sanda ta dawo. A bayanta Tsatsa na zaune da ankwa, fuska a kumbure, an kamo shi babur ya kayar da shi a laka. Kusa da ƙafarsa akwai mutum a kwance an rufe shi da tamfol. Ƙafafun sun leƙo. Takalmin aiki ne mai hancin ƙarfe, wanda masana'anta ta ba Shiru ya yi masa yawa, ya kai wa yayansa. Babba ya yi ta dariya ranar, yana cewa yau ga shi ya ci arzikin ma'aikaci.

Wani ɗan sanda yana gaya wa Sufeto cewa abokin ne ya harbe shi a ciki, wai don ya hana shi ƙara harbin motar. Tsatsa ya ɗago ido ya samu Shiru a cikin taron. Ya yi wannan murmushin nasa, a hankali, kamar mai ajiye nama don gobe.

Shiru ya tsura wa takalmin ido. Wanda ya goya shi, wanda ya hana kansa ya ba shi, ga shi ƙarƙashin tamfol ruwa na dukansa, kuma da bakinsa ya kai shi can. Ya dubi gangaren. Ya dubi motar da ta durƙusa a kan ƙarfenta, fulas ɗin shayi na nan a kujerar gaba bai ko faɗi ba.

Ya taka zuwa gaban Sufeto.

"Ranka ya daɗe, wanda ke kwance yayana ne. Ni suka sa na tsayar da motar. Zan faɗi komai." Ya miƙa hannuwansa biyu, sannan ya juya wajen Mai ɗinki, wadda hawaye da ruwan sama suka haɗu a fuskarta. "Ki gaya wa shugaban ma'aikata na karɓi aikin. Ko shekara nawa za su riƙe ni, ran da na fito, in akwai wuri a motar nan, ko a tsaye ne, wannan hanyar zan bi."