Gidan da Siddiqa Ta Zaɓa a Novi Pazar

A bakin dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye suka fara haɗuwa, kuma haɗuwar ba ta fara da daɗi ba.

Siddiqa malama ce, tana koyar da labarin ƙasa a wata makarantar 'yan mata. Ranar ta kawo ɗalibanta yawon buɗe ido. Tana cikin yi musu bayanin inda ruwan yake gangarowa, sai ga ƙwallo daga sama a kan kular shinkafarsu, kular ta kife.

Mai ƙwallon ya taho a guje yana ba da haƙuri. Dogo ne, baƙi, gumi na tsiyaya a goshinsa. Sunansa Awaisu, ɗan Gwangwan ta Rogo, sun zo motsa jiki da abokansa. Siddiqa ta ɗauki ƙwallon ta maƙale a hammata, ta ce ba zai karɓa ba sai yaran nan sun ci abinci. Bai yi musu ba. Ya hau babur ya shiga gari, ya dawo da gurasa da tsire, sannan ya koma bayan 'yan matan ya tsaya yana sauraron ragowar darasin.

Da za a watse ya roƙi lambarta. Kafin magariba saƙonsa ya shigo wayarta.

"Assalamu alaikum, Malama. Ɗalibinki ne na layin baya. Ban gane darasin yau ba, ko za a maimaita mini?"

Ta rubuta masa: "Ɗalibin da ya zubar da abincin aji, sai ya zo da iyayensa."

"Da ma abin da nake nema ke nan," in ji shi.

Haka aka fara. Shi yana ce mata Malamata, ita tana ce masa Lamba Tara, saboda lambar da ke bayan rigarsa. Suna cikin shekara ta biyu wani kulob ɗin ƙwallon ƙafa na ƙasar Sabiya ya ɗauke shi, a wani birni da ake kira Novi Pazar. Kafin ya tashi ya tura baffansa wurin mahaifinta neman aurenta.

Alhaji Mika'ilu, dillalin hatsi a kasuwar Ƙaraye, ya karɓi baƙon da mutunci, ya sallame shi da a'a. A ganinsa ƙwallo wasa ne, ranar da ƙafa ta karye sana'a ta ƙare. Kuma ba zai miƙa 'yarsa ƙasar da ko sunanta bai taɓa ji ba. Yana da wanda ya fi kwanta masa a rai, Sagiru ɗan amininsa, wanda ya riga ya gina gida a Tudun Kaya.

Siddiqa ta same shi a rumfar tsakar gida, ta durƙusa.

"Baba, ba zan auri kowa ba sai da albarkarka. Amma Sagiru kam, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Zan jira."

"Sai ki yi ta jira."

"To, Baba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi yaji zuwa gidan kowa ba. Abu ɗaya ta ƙi yi, wato ɓoyewa. Duk ranar da Awaisu ba shi da atisaye, da la'asar za ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jingina wayarta da kwano, ya kira ta a bidiyo ya zaga da ita gari. Ya nuna mata ragowar tsohuwar ganuwa da ke cikin lambun birnin, da kogin Rashka da ya ratsa garin, da tsohuwar kasuwa inda dattawa ke shan gahawa a 'yan mitsi-mitsin kofuna. Ya kai ta ƙofar masallacin Altun-Alem, wanda aka ce ya haura shekara ɗari huɗu. Ita kuwa ba ta barinsa ya huta. Ta ce ya juya wayar ta ga tsaunuka, ta ce ya tambayi mai gashi me ake zubawa a niƙaƙƙen naman nan nasu.

Mahaifiyarta, Hajiya Sakinatu, ta kan leƙo ta kalla daga nesa. Alhaji kuwa yana rumfarsa, sai ya ƙara wa rediyo murya.

Wata rana Sagiru ya zo da abin da yake ganin zai raba gardama. Ya miƙa mata wayarsa a soro. Hoto ne da ya samo a intanet, Awaisu a ƙofar wani gida, kusa da shi wata Baturiya tana murmushi, makullai a hannunta. Sagiru ya ce ya nuna wa Alhaji ma, don kada a ce ya yi shiru.

Ranta ya sosu ƙwarai, amma ba ta bari ya gani ba. A gabansa ta danna kira, ta tambayi Awaisu wace ce wannan.

Awaisu ya rikice. Ya ce sunanta Amra, dillaliyar gidaje ce, ita ta ɗora hoton a shafin aikinta. Gida yake nema musu a ɓoye, yana so ya kama ya gyara, Siddiqa ta zo ta tarar da komai tsaf. Har ya haɗa ta da matar, wadda ta gaishe ta da sallama, jaririnta a kafaɗa.

Sagiru ya karɓi wayarsa ya fice. Bai sake zuwa zance ba.

Awaisu ya zaci magana ta mutu. Sai da ya ga saƙonta ya gane wani sabon laifin ya buɗe.

"Lamba Tara, zancen matar ya wuce, na yarda da kai. Amma kai kana fili daga safe har yamma, ni zan wuni a gidan nan. Wa ya ce ka zaɓa mini? Kada ka karɓi makullin kowa sai na gani."

"Na tuba, Malamata. Gobe za mu fara. Ke ce ido, ni ƙafa ne kawai."

Daga nan yawon ya koma na neman gida. Na farko yana bakin kogi, ga ƙyalli, amma a ƙasansa akwai wurin shan gahawa da kiɗa ba ya yankewa. Ta ce a wuce. Wani kuma tagar kicin ɗinsa bango take kallo, ta ce ita ba za ta yi girki a kurkuku ba. Amra ta yi dariya ta ce wa Awaisu lallai ya yi dacen mata.

Sai suka zo wani da ke hawa na biyar. Awaisu ya hau yana haki, ya buɗe ƙofar baranda, sai ga garin gaba ɗaya, jajayen rufi da hasumiyoyi, tsaunuka a bayansu. Siddiqa ta ƙura wa garin ido. Daga baya ta ce wannan take so, ko da babu lifta.

A lokacin aka kashe rediyo a rumfa.

"Hawa na biyar babu lifta?" Muryar Alhaji ce. "In ta yi nauyi, wa zai riƙa hawa da ita?"

Hajiya Sakinatu ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Alhaji da kansa ya ji abin da ya fita daga bakinsa, ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce a miƙo masa wayar.

Ranar ce ya fara magana da Awaisu ido da ido. Saurayin ya durƙusa a barandar mutane ya gaishe shi. Alhaji ya tambaye shi nisan masallaci, da su wane ne maƙwabta, sannan ya zo kan abin da ke cinsa.

"In ƙafar ta karye fa?"

"Allah Ya kiyaye, Baba. Amma na yi tunaninsa. Na mallaki gona a Gwangwan, ƙanena yana nomawa, kuma ina karatun horar da 'yan wasa. Ba zan bar ta da yunwa ba."

Alhaji ya ce a nemi gida a hawan ƙasa. Siddiqa, kanta a sunkuye, ta ce ita dai tana son ta riƙa ganin tsaunukan nan. Ya dube ta, ya girgiza kai, ya ce wa Hajiya taurin kan nan ya san inda ta gado shi, kuma ba daga ɗakin uwarta ba ne.

A ƙarshe aka samu wani a hawa na biyu, bayan tsohuwar kasuwa, gidan wata dattijuwa mai bishiyar tuffa a harabarta. Daga tagar kicin ana hango tsauni guda ɗaya. Siddiqa ta ce ya ishe ta. Alhaji ya sa aka buɗe famfo ya ga ruwa na zuba, sannan ya ce, "Ka faɗa wa baffanka ya dawo."

Da aka tafi hutun hunturu Awaisu ya sauka a gida. Ranar wata Asabar da hantsi aka ɗaura auren a ƙofar gidan Alhaji Mika'ilu, mutanen Rogo suka cika layin da motoci da babura.

Da za a tafi da amarya aka kai ta rumfar mahaifinta. A nan ne kukan da ta riƙe tun farko ya ƙwace mata. Ya dafa kanta.

"Kin ja da ni, amma ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, ba ki kuma yi komai a bayan idona ba. Na yafe miki duniya da lahira. Allah Ya sa gidan da kika zaɓa ya zame muku gidan zaman lafiya, Ya ba ku zuriya mai albarka."

Tsakar gidan ta amsa da amin, guɗa ta tashi, aka kama hannun amarya zuwa mota.