Yatsan Amarya

"Buɗe ta," in ji Yaya Nassirou.

Hadiyya na zaune a ɗakin Inna a Harobanda, unguwar ƙetaren kogi, hannuwanta shaƙe da ɗanyen lalle, gobe ɗaurin aurenta da Mutari direban taksi. Ga salularta a hannun yayanta, wanda shi ne waliyyinta tun rasuwar Baba.

"An ce min Mutari ya taɓa zaman kaso, gidan yari. In gaskiya ne, yana cikin nan, kuma wallahi ba za a ɗaura ba."

Yana ciki kuwa. Saƙon muryar Mutari ne, yana kuka kamar yaro, yana ba ta labarin kayan satan da aka kama a motar maigidansa yana tuƙi. Ta rantse mishi ba kunnen da zai ji.

"Yaya, don Allah..."

Ina! Ya damƙi hannunta, ya goge lallen babban yatsanta da bakin rigarsa, ya danna a gilashin. Tun tuni Mutari ke ce mata, "Masoyiyata, cire buɗewa da yatsan nan ki bar lambobin kod kaɗai. Yatsa ana kama shi da ƙarfi." Ita kuwa, uwar son jiki, ta ce wa ke da lokacin danne-danne.

Salula ta ƙi. Yatsan ya jiƙe, ya yi yaushi. Ya sake dannawa har salular ta gaji ta nemi kod.

"Faɗa min lambobin."

Hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Hannuna ka iya kamawa, Yaya. Wannan amana ce, ba zan faɗa ba."

Sai salular ta yi ƙara. Mutari. Nassirou ya amsa, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Mutari," Hadiyya ta riga shi, "Yaya na tambaya... ban ce komai ba."

Sai muryar Mutari ta fito daga salular.

"Yaya Nassirou, ka sake ta. Na yi kaso, gaskiya ne. Kunya ta hana ni faɗa maka. Yanzu zan haye gada in gaya maka komai da bakina, sannan ka yanke."

Nassirou ya daɗe yana duban yatsan ƙanwarsa, lallen ya cakuɗe, da shatin farcensa a jiki. Kunya ta kama shi.

Ya leƙa tsakar gida inda mai ƙunshi ke jira.

"Kadi, zo ki gyara mata yatsan nan. Gobe mutane za su gani."