Gwaggo a Kujerar Gwajin Haske

Ranar Talata ce, an tashi da hadari, ruwan bai sauko ba.

Wani saurayi kafinta yana shan shayi a tsakar gida sai Gwaggo, wadda ta riƙe shi tun rasuwar iyayensa, ta dangwara masa waya a cinya.

"Duba! Ga wadda za ka aura!"

Hoton budurwarsa ne. Tana zaune a doguwar kujera, wani ƙato mai gemu a gefenta, fitilu sun haske su. Wani ɗan'uwa ne ya ɗauka, ya tura gurup ɗin dangi.

"Gwaggo, koyon aiki take. Makaranta ce ta tura ta wurin masu ɗaukar bidiyo. Makirfo take riƙewa."

"Ina makirfon a nan? Ko ta bar aikin yau, ko a fasa auren. Na gama magana!"

Ya kira yarinyar a waya. Ba ta lanƙwasa ba.

"Wallahi ban yi abin kunya ba. Kafin a ɗauki 'yan wasa sai an zaunar da wani a wurinsu, a gwada haske. Wanda ke kusa ake kamawa, ni aka kama. Sori, amma in na gudu yanzu na rasa satifiket, kuma na amsa laifin da ban yi ba. Ba zan bari ba!"

Ta fashe da kuka, ta kashe wayar.

Ya ajiye shayin. Sannan ya miƙe.

"Gwaggo, ɗauko mayafinki. Ban taɓa yi miki musu ba, amma ba zan rabu da ita a kan hoto ba. Mu je ki gani da idonki."

"Ni kake gaya wa haka? To mu je, ka sha kunya a gaban jama'a!"

A farfajiyar wani gidan haya ake ɗaukar tallan murhu. Wayoyin lantarki shimfiɗe a ƙasa, an manne su da salatif. Ga yarinyar can tsaye, ta ɗaga doguwar sandar makirfo sama da kanta, gumi ya jiƙa mata hijabi.

Darakta, wani gajere mai dasasshiyar murya, yana ta masifa. Mai fitowa a matsayin uwa tana ciki ana mata kwalliya, ga hadari zai rufe rana. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan Gwaggo.

"Yauwa! Mama, tsawonku ɗaya. Taimaka ki zauna nan."

"Kai, ni na zo ne—"

"Yanzu za ki tashi, Mama!"

Kafin ta farga tana kan doguwar kujera, mai gemun nan a gefenta yana latsa waya, ko kallonta bai yi ba. Aka kunna fitilu.

"Ɗaga haɓa, Mama. Kai, fuskar nan ta karɓi haske!"

Gwaggo ta gyara mayafi. Murmushi ya kuɓuce mata. Kafintan ya ɗaga waya — ƙyas!

Da ta taso ya nuna mata. Ga ta, ga ƙato, ga fitilu.

"Gwaggo, in tura wa dangi?"

"Uban wa za ka tura wa? Ai ban san shi ba! Zaunar da ni kawai aka yi!"

Ya mayar da wayar aljihu. Sai Gwaggo ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta kalli yarinyar da har yanzu ba ta sauke sandar ba.

"Ke, 'yar nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "haka kike wuni? Su ba su san hannu na gajiya ba?"

Yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, hawaye na zuba. Gwaggo ta share mata da gefen mayafi, tana harare-harare kada a gani.

Darasin gajere ne. Kada a kashe aure a kan abin da aka gani a waya. A taka a je. Mai gaskiya kuma ya yi haƙuri, amma ya tsaya a inda yake.

Washegari da safe kafintan bai buɗe shago ba. Ya yanko katako mai kyau, ya fara haɗa wa budurwarsa ƙaramin benci mai naɗewa, wanda za ta riƙa zama a kai tsakanin ɗauka da ɗauka.