Mai Raino a Bayan Rumbu

Gab da magariba ne, a wani ƙauye kusa da Gagarawa, shekarun da Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba. Kyauta tana durƙushe tana hura wuta, sai dutse ya faɗo cikin tukunyar miya. Ta ɗaga kai. Ba kowa a tsakar gida, ko kaza. Na biyu ya sauka kan itacen da aka tara domin wankan jego, daga nan gidan ya yi tsit.

Wankan kuwa na Safara'u ne, 'yar farin Kyauta, wadda aka kawo daga Ɗanzomo goyon ciki. Komai Kyauta ta tanada: ga itace, ga babbar tukunya, ga kanwar kunu daga Maigatari, ga sabon majanyi. Magana ce kawai babu. Kunyar 'yar fari ce; tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan". In yarinyar ta matso ta ce, "Inna, yaya ake riƙe kan jariri?" sai Kyauta ta kau da kai ta shige ɗaki, alhali tausayi na cin ranta.

Jifa bai fasa ba, kullum da faɗuwar rana. Sannan majanyin ya ɓata. Wata magariba Kyauta ta je ɗibar gero, ta ji ana waƙar raino a bayan rumbu da wata tsohuwar murya mai sanyi. Ta leƙa. Safara'u ce zaune da tsohon cikinta, ido a kafe, ga majanyin a naɗe bisa cinyarta, yana motsi a hankali kamar akwai mai numfashi a ciki.

"Na gode da tanadi," in ji muryar, daga bakin yarinyar. "In ya sauka, nawa ne."

Kyauta ta ja da baya. Da gudu ta isa wurin maigidanta Ɗantsoho, shi kuwa gari na wayewa ya nufi Gumel, ya ɗauko Malam Cindo, wani dattijo mai maganin iska.

Malam bai yi gaggawa ba. Sai da rana ta yi ja ya shimfiɗa buzu, ya zuba turare a garwashi, ya kama yatsan Safara'u ya shiga karatu. Can jikinta ya sandare.

"Wace ce ke, baiwar Allah?" in ji Malam.

"Maƙwabciya. Na riga kakanninku zama nan."

"Me yarinyar ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Zuwa take tana kuka a ƙofata. Ta goya muciya tana gwadawa, majanyi na kwancewa. Wai ba ta iya wankan jariri ba, wai kar cibiya ta lalace, kar ya shaƙe da nono, kar ta danne shi cikin barci. Tana tambaya, ba mai amsawa, ni kuwa na amsa. Ɗan da ba shi da mai riƙo, ai gara a ba wadda ta iya."

Malam ya ce a yanka mata akuya ta haƙura. Muryar ta ce ba yunwa ta kawo ta ba.

"To ai yana da mai riƙo," in ji Malam. "Ga kakarsa nan."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. "Wannan? Shekara da shekaru ina saurare, ban taɓa jin ta kira yarinyar ba. In tata ce, ta kira ta da sunanta. Ta amsa, in tafi. In ba ta amsa ba, naƙuda ta kusa, ina nan ina jira."

Kyauta ta dubi mijinta, ta dubi Malam, ga matan maƙwabta sun yi cirko-cirko a bayan danga. Da ƙyar ta faɗi sunan ƙasa-ƙasa, ko ita ba ta ji ba. Yarinyar ba ta motsa ba. Majanyin da ke kan cinyarta ne ya fara kumbura, tsoro ya kama Kyauta har cikin ƙashi. Ta rarrafa ta rungume 'yarta a gaban kowa.

"Safara'u. 'Yata Safara'u, dawo. Ni zan nuna miki, ni zan yi masa wanka, ba zan bar ki ke kaɗai ba."

Sannan muryar ta ce, daga nesa, "Zan riƙa leƙowa." Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, majanyin ya kwanta, ba komai a ciki.

"Na'am, Inna," in ji Safara'u da muryarta.

Ba a jima ba ta sauka lafiya, namiji. Kyauta ta zaunar da ita ta nuna mata gashin cibiya da tallafar kai da ɗaurin goyo. Mata suka yi ta tsegumi, wai Kyauta ta zubar da kunya. Ko a jikinta.

Sai dai har aka gama wanka, duk magariba tsakuwa ɗaya takan faɗo kan itacen nan. Kyauta ba ta waiwaya. Takan ɗaga murya yadda za a ji har bayan rumbu, ta ce, "Safara'u, kawo shi in gani." Kuma ba ta sauke numfashi sai ta ji an amsa.